Wayar "Dairek" Daga Batir Zuwa Koyil: Gwaji Ce, Ba Gyara Ba

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp, a zaurukan direbobin akori-kura da na kanikawa, kuma 'yan'uwa da dama sun turo mini shi suna tambaya ko gaskiya ne. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garejin da ya koyi aiki ba. Ya dai ce shi injiniya ne, ya jero abin da ya kira sirrin da ake ɓoye wa masu tsofaffin motoci idan mota ta ƙi kawo wuta, sannan ya roƙi a tura wa kowa saboda Allah. An kuwa tura.

Ba duk abin da ya faɗa ne ƙarya ba, kuma wannan ne ya sa ake saurarensa har ƙarshe. Da ya ce a fara duba ko akwai wuta kafin a kwance kafireta, ya yi daidai, domin an sha wargaza kafireta mai lafiya alhali laifin na kwantak ne. Da ya ce kan batir mai farin gishiri yana hana mota tashi, haka ne. Da ya ce da damina laima na taruwa a cikin murfin distiributa ta sa wuta ta bi wata hanya, wannan ma kowane tsohon direba ya sani, a buɗe murfin a goge da busasshen tsumma, sau da yawa shi ke nan.

Akwai kuma waɗanda ba su cancanci dogon bayani ba. Wai gurɓataccen fetur yana kashe wuta: hanyar mai daban, hanyar wuta daban, iyakar abin da mugun mai zai yi shi ne ya ɓata bakin fulogi. Wai a buɗa bakin fulogi sosai don wuta ta ƙaru: buɗa shi ƙara wa koyil wahala ne, mota za ta riƙa sarƙewa a hawa da kaya. Wai kondensa ado ce: a cire ta a gani, tartsatsin zai koma bakin kwantak ya bar fulogi. Wai a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan koyil idan ya yi zafi: yana iya tayar da motar, amma koyil ɗin da sai an sanyaya shi yake aiki sanarwa yake yi cewa akwai matsala. Wai a zare kan batir inji na gudu don a gane ko altaneta na caji: wannan yana iya ƙona altanetar kanta, ya haɗa da duk wani abin lantarki da ke motar, alhali mita za ta nuna amsar ba tare da asara ba, tunda batirin da ake wa caji yana nuna bolt 14 ko kusa da haka.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce wadda ya fi jaddadawa. Ya ce duk motar da ke wasa da wuta, a jawo waya daga kan batir kai tsaye zuwa koyil, a bar ta a nan dindindin, abin da ake kira ba ta dairek. Ya ce farin dutsen nan da ke manne a jikin koyil ɓarawon wuta ne, Turawa da Japanawa sun sa shi ne saboda ƙasashensu na sanyi, mu nan ba ma buƙatarsa, a cire a jefar. Wannan shawara tana cinye kwantak, tana dafa koyil, tana kwashe batir, kuma tana iya tayar da gobara a cikin bonet. Wanda ya kira kansa injiniya ya yaɗa wannan, ko dai bai taɓa ɗora mita a kan koyil ba, ko kuma bai damu da abin da zai sami motar wani ba. Ko wanne ne, bai kamata ya buɗe baki ba.

Sai an san yadda wutar ke samuwa sannan za a ga inda ɓarnar take. Tsarin da ke cikin tsofaffin Hilux da Datsun, da kuma Fijo 404 da 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kakuri a Kaduna tun daga 1975, tsari ne da ya haura shekara ɗari, wanda Charles Kettering ya ƙirƙiro a Amurka. Batir bolt 12 ne kawai, amma kafin tartsatsi ya tsallaka bakin fulogi a cikin silinda mai matse da iska da fetur, ana buƙatar dubban bolt, sau da yawa sama da 10,000. Koyil ne ke yin wannan juyin. A cikinsa akwai naɗin waya biyu: na farko mai kauri, zagaye 'yan ɗaruruwa, na biyu siriri kamar gashi, zagaye dubbai. Idan kwantak ya rufe, wutar batir na bi ta naɗin farko ta tara ƙarfin maganaɗisu. Da zarar kwantak ya buɗe, wannan ƙarfin ya rushe farat ɗaya, rushewar ce ke haifar da babbar wuta a naɗi na biyu, ta fita ta wayar tsakiya zuwa distiributa, rota ta raba wa fulogai ɗaya bayan ɗaya. Kondensa kuma tana shanye wutar da za ta yi tsalle a bakin kwantak lokacin buɗewa, don rushewar ta zo da sauri.

Duk wutar da ke bi ta naɗin farko sai ta ratsa ta bakin kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ba su kai ƙwayar wake ba, masu buɗewa da rufewa sau dubbai a minti guda. Abin da suke iya ɗauka su daɗe bai wuce amfiya 4 zuwa 5 ba. Saboda haka masu ƙera mota suka bi hanya biyu. Wasu suka yi koyil mai taurin kai da kansa, wanda naɗinsa na farko ke auna om 3 ko kusa da haka, ana ba shi wutar batir gaba ɗaya ba ya damuwa. Wasu suka yi koyil mai om ɗaya da rabi, suka jera shi da rizista mai kimanin om ɗaya da rabi, jimla ta dawo om 3. Wannan rizistar ita ce farin dutsen. A tsofaffin Hilux da Datsun masu kwantak an saba ganinta ɗaure a gefen koyil, a wasu motocin Amurka kuma waya ce ta musamman a ɓoye cikin naɗin wayarin.

Me ya sa suka wahalar da kansu da hanya ta biyu? Saboda lokacin tayarwa. Kik yana zuƙar wuta mai yawa, har batirin ya sauka zuwa bolt 9 ko 10 yayin da yake juya inji. A daidai wannan lokacin koyil mai om 3 yana samun ƙasa da abin da aka yi shi don shi, sai tartsatsi ya yi rauni a lokacin da aka fi buƙatarsa. A tsarin rizista kuwa, akwai wata waya da ke tsallake farin dutsen muddin hannu na riƙe da makulli a wurin kik, ta ba koyil duk abin da ya rage a batir. Da an saki makulli, wayar ta yanke, wuta ta koma bi ta rizista, koyil ya ci gaba da aiki da bolt 7 zuwa 9 da aka tsara masa. Ashe dairek ɗin da mai saƙon ke talla, masu ƙera motar sun riga sun sa shi tun daga masana'anta, sai dai sun iyakance shi ga 'yan daƙiƙun tayarwa. Ɗan dako yana iya ciccibar buhu biyu daga ƙasa zuwa bayan mota, amma ba zai yini yana zaga kasuwa da su a ka ba.

A nan ne ma ƙwayar gaskiyar maganar sanyi take. Tsarin yana taimaka wa tayarwa da sanyin safiya, lokacin da batir ke da rauni kuma man inji ya yi kauri. Amma abin da ke taimakawar shi ne tsallake rizista na ɗan lokaci. Aikin ita rizistar, hana koyil da kwantak ɗaukar zafi ne a duk tsawon tafiya. Motar da ke ratsa Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, cikin bonet kuma ya fi haka nesa ba kusa ba, ta fi motar ƙasar ƙanƙara buƙatar wannan kariyar. Mai saƙon ya juya maganar ne a baibai.

Lissafin ba shi da wuya. A raba bolt da om, a sami amfiya. Inji na gudu, altaneta na ba da bolt 14. A raba da om 3, an sami amfiya 4 da 'yan kai. A cire rizista ya rage om ɗaya da rabi, an sami sama da amfiya 9, wato ninki biyu. Zafin da waya ke yi kuwa ba ninki biyu yake ƙaruwa ba, idan wuta ta ninka sau biyu zafi sau huɗu yake ninkawa. Wannan lissafin na lokacin da kwantak ke rufe ne, idan inji na gudu matsakaicin abin da ke wucewa bai kai haka ba, amma bambancin yana nan, kuma ya fi muni a lokacin da inji ke aiki a hankali, a cunkoso ko a tsaye ana loda kaya. Abin da ke biyo baya sananne ne a kowane gareji. Bakin kwantak ya ƙone ya yi shuɗi-shuɗi, gefe ɗaya ya yi rami, ɗayan ya yi tsini. Koyil ya yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu, rufin siririyar wayar cikinsa ya fara lalacewa, mota ta riƙa mutuwa idan ta yi nisa, ta tashi idan ta huce. Mai mota ya sayi sabon kwantak, ya ƙone. Ya sayi sabon koyil, ya dahu. Ya zagi mai shago ya ce jabu ya sayar masa. Akwai jabun kaya a kasuwa, babu musu, amma ko na asali aka ɗaura a wannan haɗin ba zai yi ƙarko ba.

Wani zai ce tasa motar ba ta da farin dutse tun fil azal, koyil ɗinta mai om 3 ne. To, shi ninkin wuta bai shafe shi ba. Amma sauran haɗarin ya shafi kowa, kuma shi ya fi tayar mini da hankali.

Wayar da ta taso daga kan batir ba ta san makulli ba. A kashe makulli, inji ya ci gaba da gudu, sai a kashe shi da giya. Injin ya tsaya, amma wutar ba ta tsaya ba. Idan aka yi rashin sa'a ya tsaya a inda kwantak ke rufe, wanda kuwa yakan faru sosai, wuta za ta yi ta kwarara cikin koyil babu hutu, direba yana can yana salla ko yana barci. Mafi sauƙin abin da zai tarar da safe shi ne mataccen batir. Koyil irin na da cike yake da mai, idan ya dahu yana iya kumbura, ya zubar da man, ko ya fashe. Ranar da aka yi hatsari kuma, ko tiyon mai ya tsage, abu na farko da ake so shi ne a murɗa makulli komai ya mutu. Mai dairek ba shi da wannan.

Sannan ita kanta wayar. Galibi guntuwa ce da aka tsinta, aka murɗa bakinta a kan batir, aka bar ta tana lilo a kan inji, babu fiyus. Gaskiya ne a tsofaffin motoci da yawa wayar koyil ta asali ma ba ta bi ta akwatin fiyus, amma ita tana naɗe cikin sauran wayoyi, an ɗaure ta nesa da zafi da kaifin ƙarfe, kuma makulli na yanke ta. Wannan kuwa jijjigar hanyar birji tana goga ta a jikin ƙarfe kullum. Ranar da fatarta ta ɓare, batir zai tura mata ɗaruruwan amfiya, ta yi ja cikin daƙiƙa kaɗan, ga kafireta kusa, ga tsohon tiyon fetur, ga baƙin mai da ƙura sun yi kauri a jikin inji. Ba kowace gobarar mota ce daga wannan wayar ba, ruɓaɓɓen tiyo shi kaɗai ma yana kawo ta. Amma waya mai wuta dare da rana, marar fiyus, a kusa da fetur, ba ta buƙatar a jira shaida kafin a cire ta. Sa mata makunni a gaban direba yana magance matsalar kashewa idan ba a manta ba, amma bai hana gogewa da ƙonewa ba.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Shawarar tana aiki a gaban idonsu. Mutum ya ɗauko tumatir daga Kadawa ko albasa daga Aliero, mota ta mutu a tsakiyar daji, rana na dukan kaya, kowace sa'a asara ce. Wani ya jawo waya, mota ta tashi nan take, tartsatsin ma ya fi na da kauri. Wa zai gaya masa ba gyara ba ne? Ɓarnar kuma ba ranar take zuwa ba, sai bayan an manta da wayar, saboda haka ba a haɗa ta da sanadinta. Yaran gareji ma abin da suka ga manya na yi shi suke ɗauka.

Abin da tashin motar ke faɗa shi ne koyil da kwantak da distiributa lafiyarsu ƙalau, laifin yana tsakanin batir da koyil: ko cikin makulli ya ci, ko wata waya ta yanke, ko wani mahaɗi ya yi tsatsa, ko rizistar ta tsinke. Gwaji ne mai kyau, kuma ƙwararrun rewaya suna yin sa na minti ɗaya su cire. Rizistar da ta tsinke ma tana da alamarta da ba ta ɓuya: mota ta kama muddin ana riƙe da makulli a wurin kik, da an saki ta mutu. Duk wanda ya ga haka ya san inda zai duba, kuma farin dutsen yana cikin kaya mafiya araha a jikin motar. A bar shi a ƙone koyil da kwantak, gyaran gangar auzinawa ke nan.

Neman inda wuta ta ɓace ba ya buƙatar komai sai kwan gwaji, wato ƙaramin kwan mota da waya biyu. A sa giya a furi, a ja birkin hannu. A maƙala ɗaya wayar a jikin inji, a kunna makulli, a taɓa ɗayar a ƙafar koyil mai alamar tarawa. Idan bai kama ba, a taɓa ƙafafun rizista biyu. Wuta na shiga ba ta fita, rizista ce. Ba ta ma iso ba, a koma baya wajen makulli da wayoyinsa. Idan kuwa ya kama, a mayar da shi ƙafar da ke tafiya distiributa, wani ya yi kik. Kwan ya kamata ya riƙa ƙiftawa. Idan ya kama ya tsaya cak, kwantak ba ya rufewa da kyau, ko bakinsa ya yi datti, ko 'yar wayarsa ta yanke. Idan ya ƙi kamawa sam, kwantak ba ya buɗewa, ko wayarsa ko kondensa ta haɗe da jikin distiributa, ko naɗin farko na koyil ya tsinke. Rashin buɗewar nan ya zama ruwan dare, domin ɗan dunduniyar da ke goga a kan sandar distiributa yana cinyewa a hankali, musamman idan ba a shafa masa ɗan giris, har ratar da ya kamata ta kai kimanin milimita 0.4 ta rufe. A kuma duba ko rota na juyawa idan ana kik, don wani lokaci abin da ke juya distiributar ne ya saki.

Idan kwan na ƙiftawa, a zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, a riƙe ta da filaya mai roba, bakinta ya ɗan nisanci jikin inji da abin da bai kai santimita ɗaya ba, a yi kik. Shuɗin tartsatsi mai ƙara shi ake nema. Babu shi ko ya zo a raunane, a zargi kondensa da wayar kanta kafin koyil, tunda sun fi araha kuma sun fi yawan mutuwa. Akwai shi a nan amma babu a fulogi, to rota ce, ko murfin ya tsage, ko ɗan gawayin tsakiyarsa ya cinye, ko wayoyin fulogi. Kada a yi wannan gwajin bayan an tsiyaya fetur a bakin kafireta, ko an zare fulogai daga injin da ya sha mai, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya kama fuskar wanda ya sunkuya. A motocin da suka zo daga baya, masu ƙaramin akwatin lantarki a madadin kwantak, kada a bar wayar tana lilo babu inda wutar za ta sauka, yana iya kashe akwatin.

Wajen sayen koyil ma ana faɗawa wannan ramin ba tare da an jawo waya ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka za a tarar da koyil iri-iri masu kama ɗaya a ido. A ɗaura mai om ɗaya da rabi a motar da ba ta da rizista, daidai yake da cire farin dutse. A ɗaura mai om 3 a bayan rizista, tartsatsi ya yi rauni, mai mota ya tabbatar wa kansa cewa lallai dutsen ɓarawo ne. Koyil na tsarin lantarki kuma yakan auna ƙasa da om ɗaya, kwantak ba ya jure masa ko kaɗan. A nemi mai shago ya ɗora mita a ƙananan ƙafafun biyu kafin a biya. Wasu ma an rubuta a jikinsu cewa sai da rizista.

Wanda dole ta kama shi a daji, ga yadda zai yi. Ya sa fiyus mai amfiya 10 ko 15 a wayar, dab da kan batir. Ya haɗa ta a ƙafar rizista ta shiga, inda wayar makulli ke zuwa, ba a jikin koyil ba, sai fa idan rizistar ce ta tsinke, a nan kuma tafiyar ta zama gajeriya. Ya ɗaure ta nesa da fanka da tiyon mai da bututun hayaƙi. Duk inda ya tsaya ya zare ta, ita ce makullinsa a ranar. Ya kai kayan kasuwa, sannan ya wuce wajen rewaya ya ce masa wuta ba ta isowa koyil daga makulli, a bi wayar a gano inda ta yanke.